Daga tsohon fistan zuwa maharaɗa: yadda muka zuba sassan inji a tsakar gida a Gadarif

Zubin tukunya ba baƙon abu ba ne a unguwannin Hausawa na Gadarif. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu zubi ya ga yadda ake danna tsohuwar tukunya cikin ƙasa mai damshi, a zare ta, a kwarara narkakken alminiyom, wanda maƙeran fari ke kira sanholo, a gurbinta. Da wannan sanin muka soma, muna zaton abin da ya fitar da tukunya zai fitar da fuli, wato faifan da bel ke juyawa, da mazaunin boris, zoben nan mai ƙwallaye da sanda ke juyawa a ciki. Bai fitar ba. Tukunya kaurinta ɗaya ne daga baki har gindi, milimita 3 zuwa 4, tana daskarewa gaba ɗaya nan take, kuma babu mai ɗora mata ma'auni. Sashen inji kuwa wani wurin siriri ne, wani wurin curi guda, kuma dole ya hau sanda ya juya ba tare da rawa ba. Kusan duk abin da ya ɓaci a hannunmu daga wannan bambancin ya taso.

Abin da muka sa gaba shi ne ƙaramin injin sassaƙar ƙarfe, wanda a nan Sudan ake ce wa maharaɗa. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kayan gyara da ke biyowa ta Khartum suka yi wuya, amma tsofaffin ƙarafa ba su yanke ba, don Gadarif ƙasar taraktoci da manyan motoci ce, saboda noman dawa da riɗi.

Tanderu bai ba mu wahala ba. Bokitin ƙarfe ne mai faɗin santimita 35 da tsayi 40, muka yaɓe cikinsa da kaurin santimita 6. Haɗin yaɓen: yumɓun masu ginin randa kashi 2, dakakkiyar fasasshiyar randa ko jan bulo kashi 2, yashi kashi 1, garin katako kashi 1. Ruwa kaɗan, a daddanna da taɓarya. Garin katakon yana ƙonewa ya bar ƙananan ramuka masu riƙe zafi. Siminti ba ya shiga, don wuta na cinye ƙarfinsa ya riƙa ɓarewa. Bututun iska mai faɗin santimita 4 yana shigowa a karkace, santimita 5 sama da gindi, yadda iskar za ta zagaya tukunyar narki maimakon ta doke ta wuri ɗaya ta huda ta. A tsakiyar gindin mun bar ɗan rami, saboda ranar da tukunya ta fashe ƙarfen ya sami hanyar fita zuwa kan busasshen yashi. Kwana 10 ya yi a inuwa, sannan muka ba shi ƙaramar wuta ta awa 3 ba iska. Iskar kuwa daga fankar tsohuwar mota ce mai bolt 12 a kan batir, don wutar lantarki ba abar dogaro ba ce a tsakiyar narki. Gawayin bagaruwa ko na dushe, a farfasa shi kamar girman ƙwan kaza.

Tukunyar narki guntun bututun baƙin ƙarfe ne, faɗin ciki santimita 10, tsayi 20, kaurin bango milimita 6, an yi wa gindinsa walda ciki da waje da falle mai milimita 8. Tana ɗaukar kilo 3. Kada a yi da bututun ruwa mai rufin tutiya, hayaƙinsa na kwantar da mutum da zazzaɓi. Narkakken alminiyom yana cin baƙin ƙarfe sannu a hankali, kuma abin da ya ci yana shiga zubin ya sa shi gautsi, shi ya sa muke shafe cikinta da ruwan yumɓu mu bushe ta sarai. Kafin kowane narki ana ƙwanƙwasa gindin da guduma a duba.

Zaɓen ƙarfe ya fi yadda ake zato muhimmanci. Abin da aka taɓa zubawa shi ne yake sake zubuwa da kyau: fistan, kan injin mota, gidan giya, murafun motar lantarki mai juya inji, ƙafar mota ta alminiyom. Waɗannan akwai sinadarin silikon a cikinsu, wajen kashi 7 zuwa 12 cikin ɗari, shi ke sa ƙarfen ya gudana ya cika lungu, ya kuma rage masa motsewa. Tsantsar alminiyom na narkewa a digiri 660, waɗannan ƙasa da haka kaɗan. Gwangwanin lemo ɓata gawayi ne, rabi ya tafi a datti, abin da ya rage kuma yana danƙo a bakin wuƙar inji. Abubuwa biyu ake tsamewa daga tsibin. Wanda ya yi nauyi fiye da girmansa, irin kafireto da marikin ƙofar mota, tutiya ce. Wanda ya yi sakayau fiye da kima a kankare shi a ɗiga masa hal, wato ruwan tsamin kanti. In ya yi kumfa magnisiyom ne, yana kamawa da farar wuta mai kashe ido, ruwa kuma ƙara masa ƙarfi yake yi. A cire zobba da fil daga fistan, a ƙone maiƙon, a ɗora gutsattsarin a kan murfin tanderu su yi zafi kafin su shiga tukunya.

Wannan ɗumamawar ba ado ba ce. Ɗigon ruwa in ya koma tururi yana kumbura wajen sau 1,700, kuma in hakan ta faru a ƙarƙashin narkakken ƙarfe, ƙarfen fuskar mutum yake nufa. Ludayin kwasar datti, awartaki, kwanon zuba ragowa, duk sai sun sha wuta. Ba a zubi a kan daɓen siminti, don damshin cikinsa na fashewa. A kan busasshen yashi ake yi. Jallabiya mai faɗin hannu da safinja, wato silifa, ba kayan wannan aiki ba ne. Wando da riga na auduga, rufaffen takalmin fata wanda bakin wando ya sauka a kansa, safar hannu ta masu walda, da gilashin rufe fuska. Yadin leda narkewa yake yi ya manne a fata. Yara kuma a fitar da su daga tsakar gidan a rufe ƙofa, ba a ce su matsa gefe ba.

Yanzu ƙasar zubi, inda muka fi daɗewa. Baƙar lakar nan ta Gadarif, mai kama ƙafa da damina ta tsattsage da rani, ba ta yi wa yaɓen tanderu ba saboda tsagewar, amma wajen ɗaure yashi samunta sa'a ce, don irin lakar nan ce mai kumbura da ruwa, dangin wadda manyan masana'antun zubi ke saye a buhu. Sai dai akwai ƙananan tsakuwoyin farar ƙasa a cikinta. Mukan jiƙa ta kwana 2 ta zama kamar kunu, mu tace da ragar sauro, mu bar ta ta kwanta, mu tsiyaye ruwan, mu shanya, mu daka. Yashi kuwa na gini ne mafi laushi, a tankaɗe shi da rariyar gari. Kilo 20 na busasshen yashi, kilo 3 na garin laka, a cakuɗa a bushe, sannan a yayyafa ruwa wajen lita 1 kaɗan-kaɗan, a tattake da ƙafa, a rufe da leda ya kwana. Gwajin a hannu yake: ka damƙi cikin tafi ka matse. Ya kamata ya fito da shatin yatsunka, hannunka ya tashi ba laka, in ka karya curin ya rabu biyu da kaifin baki ba tare da ya marmashe ba. In ya manne a tafi ruwa ya yi yawa, kuma zubin zai fito da ramukan tururi a fatarsa, wani lokaci ka ji ƙarfen na tafasa a mazurari. In ya marmashe, bakin gurbin zai zube ƙarfe ya kwashi yashi ya shige da shi ciki. Da rani a nan, ƙasar da ta yi daidai da hantsi kafin azahar ta bushe, sai an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu.

Samfurin farko, wato siffar da ake dannawa a ƙasa ta bar gurbi, na fuli ne mai faɗin santimita 15. Da katako muka sassaƙa shi, amma ba a kan 15 ba. Alminiyom na raguwa wajen milimita 13 a kowace mita in ya huce, sannan ana bukatar rarar milimita 3 a duk fuskar da za a sassaƙe, don haka samfurin ya tashi milimita 158. Kowane bango da ke tsaye an ɗan zaftare shi digiri 2 zuwa 3 don ya zaru daga ƙasa bai ja ta ba. Kowace kusurwar ciki an cike ta ta zama lanƙwasa, don a kaifin kusurwa ƙarfe ke tsagewa yana hucewa. A goge da sanfefa, a shafa fenti sau biyu kada ya sha damshi. Don sanin yawan ƙarfe, mun nutsa shi a ruwa ya ture mililita 350. A ninka da 2.7, gram 945 ke nan, a ƙara rabin haka saboda hanyoyin zubi.

Akwatin katako biyu ne, na sama da na ƙasa, da fil biyu masu riƙe su daidai. In fil ɗin na da sako-sako, rabin fulin zai goce wa rabi. Ana kifa samfur a kan allo, a barbaɗa tankaɗaɗɗiyar toka, a fara rufe shi da ƙasar da aka tankaɗe, a danna da yatsu, sannan a cika a daddaka, da ƙarfi a gefen akwati, da sauƙi a kan samfur. In an daka fiye da kima tururi ba ya samun hanyar fita. A juya, a sake barbaɗa toka, a ɗora na sama. Mazurari bututu ne mai milimita 18 da ake kafawa santimita 4 daga gefen samfur, a yanka masa ƴar hanya zuwa gurbin. A soka sifokin keke wuri 10 ko fiye don numfashi. Bayan an rufe, a ɗora dutse ko ƙarfe mai nauyi a sama, in ba haka ba ƙarfen zai ɗaga akwatin ya tsiyaye ta tsakani.

Fulin farko ya fito sumul a ido. Da muka sa zarto muka raba cibiyarsa, sai ga rami kamar ƙwallon dabino a tsakiya, bangonsa kaca-kaca. Ga dalili. Ƙarfen na motsewa kashi 4 zuwa 6 cikin ɗari na girmansa a daidai lokacin da yake daskarewa. Faifan tsakiya mai kaurin milimita 8 shi ya riga daskarewa, ya toshe hanya. Cibiyar mai faɗin milimita 50 tana nan a narke, da ta zo motsewa ba inda za ta jawo ƙari, sai ta ci kanta. Mai tukunya bai taɓa gamuwa da wannan ba don ba shi da curi. Maganinsa abin da muke kira rumbu: rami a akwatin sama, daidai kan wuri mafi kauri, wanda ya fi wurin kauri, yadda shi zai zama na ƙarshen daskarewa ya yi ta ciyar da na ƙasa. A kan cibiyar milimita 50 mun kafa rumbu mai milimita 60 da tsayin santimita 7. In zubi ya yi kyau, za ka ga saman rumbun ya lotsa kamar an danna babban yatsa a tuwo. Ramin da zai kasance cikin fuli ne ya koma can. In saman ya tsaya a miƙe, a yi zargin cikin.

Narkin farko na ɗaukar wajen minti 30 daga kunna wuta, na biyu rabin haka. Ana zubawa tsakanin digiri 700 da 750. Ba mu da ma'aunin zafi, sai sandar rodi mai milimita 10 da aka ɗumama: a tsoma ta, in ta fito da curi manne a jiki da saura, in ta fito fes bayan ƴan daƙiƙu ya yi. In ƙarfen ya soma ja a fili da rana, an wuce. Ƙarfen da ya yi zafi da yawa ko ya daɗe a wuta yana shan iskar haidurojin daga damshi, ya sake ta yana daskarewa, sai ka sassaƙe fata ka tarar da ƙananan huji kamar na allura ko'ina. Wanda bai kai ba kuma yakan tsaya a hanya, ko bakinsa biyu su haɗu ba su narke cikin juna ba, su bar layi. Ba a dama shi kamar kunu. A kwashe dattin sama sau ɗaya, a ɗauko, a kusanto da bakin tukunya, a zuba ba tsayawa, mazurari a cike har rumbu ya cika. Minti 30 kafin a buɗe.

Sai matsalar da kowa ke cin karo da ita: ana bukatar maharaɗa don a huda fuli daidai, ana bukatar fuli don a yi maharaɗa. Mun fita ta hanyar zuba ƙarfen a kan sandar kanta. Guntuwar sanda mai milimita 20, a goge ta sumul, a turara ta da hayaƙin fitilar kananzir har ta yi baƙi ƙirin, a ɗumama, a kafa ta a tsakiyar gurbin, rumbu ya koma gefen cibiya. Baƙin hayaƙin ke hana su mannewa. Ana buge ta tun da sauran zafi, don yana hucewa yana ƙara damƙe ta. A huda gefen cibiya da milimita 6.8, a yanka zaren M8, wato na kusa mai kaurin milimita 8, don kusar ɗauri. Daga nan aka ɗora fulin kan sanda mai boris biyu, motar lantarki na juya ta, aka kafa ƙarfe a gabansa a matsayin madogara, aka sassaƙa kwarin bel da hannu da wuƙar da aka wasa daga tsohon magagari. Bel mai lamba A faɗinsa milimita 13 ne, kwarin na buɗewa digiri 34 zuwa 38, kuma bel ɗin gefe yake kamawa, in ya taɓa gindin kwari zai yi ta sulɓi. Ɗigon kananzir na hana alminiyom manne wa wuƙa.

Lissafin gudu: motarmu rabin doki ce mai juyi 1,400 a minti. Fuli mai santimita 7.5 yana juya mai 15 ya mayar da shi 700, wani 7.5 zuwa 15 ya mayar 350, wanda shi ne daidai sassaƙar sandar baƙin ƙarfe mai milimita 25 da wuƙar ƙarfe ta gama-gari.

Gadon maharaɗar, wato doguwar shimfiɗar da sauran sassan ke zama a kai, mai tsawon santimita 60, sau biyu muka zuba shi, da babbar tukunya ta bututun santimita 12.5. Na farko samansa milimita 15 ne, haƙarƙarinsa 5, kuma mun tone shi da zafi. Ya fito a tanƙware kamar baka. Na biyu ko'ina milimita 7, aka bar shi cikin ƙasa har ya huce. A kansa ake ɗaure fallen baƙin ƙarfe mai faɗin milimita 75 da kauri 8, da kusoshin M6 masu nutsewar kai a kowane santimita 8. Fallen ba ya gyara gado, bin sa yake yi, don haka dole gadon ya miƙe tukuna, kuma wannan aikin hannu ne zalla. Mun shimfiɗa gilashi mai kaurin milimita 10, muka dama bular wanki da ɗigon man inji, muka shafa siriri har ana hango gilashin. A kifa gadon, a ɗan goga, a ɗaga: inda shuɗi ya kama nan ne tudu. Da fari tabo uku ne kawai. A ci su da magagari, a sake. In sun yawaita a koma ga makankari, tsohon magagari da aka wasa bakinsa a miƙe, ana ɗebo ƙarfe kamar ɓawon albasa, kowane zagaye a sauya fuskar kankara. Mun tsaya da muka sami tabo 10 zuwa 15 a kowane murabba'i mai santimita 2.5, bayan wajen awa 35. Wanda bai yarda da gilashi ba, akwai hanyar da Joseph Whitworth na Ingila ya bayyana a 1840: faranti uku ana gwada su da juna bi da bi. Biyu na iya dacewa alhali ɗaya ya lotsa ɗaya ya kumbura, amma uku ba za su dace duka ba sai in kowanne a miƙe yake. A ganinmu nan ne ingancin injin yake kwance, kuma nan ne masu gaggawa ke tsallakewa.

Sirdin da ke zamewa kan fallen shi ma an kankare shi, da siririn fallen tagulla a gefe ɗaya da kusoshi 3 na matse shi in ya saki. Mai tura wuƙa sandar zare ce M10, juyi ɗaya milimita 1.5, mun raba marikin gida 30, kowane gida 0.05, wato 0.1 daga kaurin abin da ake sassaƙa. Zaren kasuwa na da wasa, don haka kullum daga ɓangare ɗaya ake shigar da wuƙa.

Kan injin, wato ɓangaren da ke riƙe sandar da ke juya aiki, an zuba shi da rami mai milimita 46 a ciki. Zuciyar da ta bar ramin yashi ce zalla da aka kwaɓa da jiƙaƙƙen ƙaro, aka gasa a gwangwani kan garwashi har ta yi tauri. Ƙaro na jan damshi, ranar da aka gasa ranar ake zubawa. Don ramin ya yi layi ɗaya da gado, ba a kai shi wani wuri: a ɗaure kan a mazauninsa, a ɗora sandar huda a kan sirdi da boris na wucin gadi, sirdin ya tura ta ciki, har milimita 52 na boris mai lamba 6205. Mun tsaga mazaunin da zarto muka sa kusar matsewa, don alminiyom na buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, kuma abin da ya kama da sanyin asuba yakan saki a zafin watan Afrilu. Boris 30205 mai siffar mazurari faɗinsa ɗaya da wancan kuma ya fi jure turi, in an samu shi ya fi. Uwar sandar kanta, mai kafaɗa da zare, wajen usɗa, wato ƙwararren mai maharaɗa, muka kai a unguwar masana'antu ya sassaƙa. Boris, bel, mota da wannan sandar su ne abin da ya kamata a saya.

Gwajin farko sanda ce mai milimita 25, santimita 10 a waje, aka yi mata shafa ɗaya siririya aka auna baki da gindi. Bambancin ya kai milimita 0.15. Muka sassauta kusoshin kan, muka cusa fallen gwangwanin lemo, wanda kaurinsa wajen 0.1 ne, a gefe ɗaya na mazaunin, aka sake shafa har sau huɗu, ya sauko 0.03. A baƙin ƙarfe injin ba ya son cin da ya wuce rabin milimita a tafiya ɗaya, in an ƙara sai ya hau karkarwa ya bar zane a jikin aiki. Ɗaure shi da muka yi a kan teburin kankare ya rage wannan sosai. A alminiyom da tagulla yana cin milimita 1 lafiya. Samfurin wutsiyar injin, mai tokare ɗaya bakin aikin, yana shan fenti yanzu, kuma da sandar huda da aka ɗaura a bakin kan za a huda ta, tana zaune a kan gadonta, don tsininta ya fuskanci na kan daidai.